Yadda muka ɗinka wa motar makarantarmu riga har sau biyu

A makarantar horar da malamai ta Maraɗi, shekara ashirin da ɗoriya da suka wuce, abu guda aka san ni da shi a ajinmu: kyan rubutu a allo. Ni ake tasowa in ja layi in rubuta kwanan wata idan za a yi darasin gwaji, ni ke zana taswirar Nijar a kwali. Wannan suna ya bi ni duk inda na koyar, kuma shi ya ja mini aikin da zan ba ku labarinsa yau. Da makarantar da nake koyarwa a yanzu, wata ƴar makaranta mai zaman kanta a cikin Maraɗi, ta sayi motar ɗaukar yara a shekarar 2021, dirakta bai yi dogon tunani ba. Ya ce, "Mushe, kai ne mai ido a kan rubutu. Ka je a sa mata sunan makaranta da hotuna, yadda duk inda ta bi za a san tamu ce." Na karɓa da murna, ban tsaya na tambayi kaina me na sani game da abin da ake liƙawa a ƙarfe ba.

Motar Toyota Hiace ce fara, irin waɗanda ake saukewa a Kwatano bayan sun gama aikinsu a Turai. Rabin kuɗinta iyayen yara ne suka haɗa, kuɗin adon ma daga asusun ƙungiyarsu ya fito. In rana ta bugi gefenta da hantsi, ana ganin inuwar wasu haruffan Jamusanci da lambar waya a jikin fentin, alhali babu rubutun komai a wurin. Ni dai a lokacin tabo na ɗauke shi, wanda ya kamata a rufe.

Ga wanda bai taɓa lura ba, adon da kuke gani a motocin kamfanonin waya da na ƙungiyoyin agaji, ko fuskokin ƴan takara da suka cika jikin motoci da adaidaita lokacin zaɓen Disamba 2020 da zagaye na biyu na Fabrairu 2021, yawancinsa ba fenti ba ne. Leda ce ta robar PVC mai gam a bayanta. Masu sana'ar suna ce mata binil, mu kuma mukan ce otokolan ko sitika. Ana buga zane a kanta da babban inji, a yanka, a shimfiɗa ta a jikin mota. Iyakar sanina ke nan ranar da na fita.

Saura kwana tara a koma makaranta na fara yawo. Na je wurin mutum uku. Biyu sun yanka mini farashi daga hoton da na nuna musu a waya. Na ukun, wani saurayi mai rufaffen shago da ya koyi aikin a Yamai, ya ƙi faɗin ko dala sai na kawo motar. Da na kawo ta ya zagaya ta sau biyu yana shafa jikinta da tafin hannu kamar mai sayen ragon layya, ya ƙwanƙwasa ƙofar gefe, ya ce, "Mushe, wannan ƙofar an taɓa bugunta, mastik aka cika aka fesa fenti. Ga kuma tsatsa nan ƙasa. Sai an kai ta wurin tolye tukuna, fentin ya sha iska kamar wata guda, sannan ni in yi kwana biyar a kanta." Kuɗinsa ya kusa ninka na mai arahar sau uku. Na yi masa godiya na fito, ina cewa a raina yaran yanzu sun iya tsawwala wa mutane. Wanda ya ce jaka 130, a kawo da safe a ɗauka da la'asar, shi na ba aikin.

A ƙarƙashin bedi aka yi shi, a bakin titi. Da safen nan aka wanke motar, direbanmu kuma, don ya kyauta, ya bi ta da tsumma mai gazuwal don ta yi ƙyalli. Samari uku suka hau kanta. Ba su kwance komai ba. Suka shimfiɗa ledar a kan marikin ƙofa da tambarin mota, suka zagaye da reza a kan fentin. Inda jikin motar ya yi kwari sai su ja ledar da ƙarfi su danna ta ciki da yatsa. Inda iska ta taru ta yi ƙulu sai su tsira allura, babbansu ya ce mini sauran rana za ta kwantar da su. Da la'asar motar ta yi kyau, wallahi ta yi kyau. Ga sunan makaranta da ja, ga hoton yaranmu huɗu suna dariya, biyu daga cikinsu har kan gilashin baya. Ranar komawa makaranta yara suka yi ta tafi, dirakta ya riƙe hannuna a gaban malamai.

A watan Nuwamba bakin ledar ya fara ɗagowa a kewayen marikin ƙofa. Da hunturu ya shigo, ƙura ta sami gam a buɗe ta manne, kowane baki ya yi jan layi, kuma gam ɗin da ya sha ƙura ba ya sake kamawa ko an danna shi da guduma. A cikin kwarin nan na gefen mota ledar ta tashi ta miƙe kamar fatar kalangu. Duk malamin da ya taɓa tsaron yara a bakin ƙofa lokacin tashi ya san abin da ya biyo baya: yaro da bakin leda, kamar akuya ce da takarda. Wannan ya soka biro, wancan ya ja da farce. Da zafin Afrilu ya zo, lokacin da Maraɗi ke wuce digiri 40 a inuwa, jan rubutun ya koɗe, fuskokin yaran suka koma wani irin kore-kore. Ledar kanta ta tsuke, ta bar zagayen gam mai faɗin yatsa. Wata rana a wurin wankin mota, famfon nan mai ƙarfi ya shiga ƙarƙashinta ya tafi da rabin lambar wayar makaranta.

A taron iyaye na watan Mayu maganar ta taso. Ma'ajiyar ƙungiyar, wata Hajiya mai sayar da atamfa a kasuwa, ta miƙe. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Mushe, ba rigima na zo yi ba. Ni atamfa nake sayarwa. In mutum ya zo saye ina gaya masa wannan tana zuba, wannan ba ta zuba, ya zaɓa da saninsa. Kai da ka je, ka tambaya wace iri ce za a sa mana?" Ban tambaya ba, kuma haka na faɗa. Ban ma san tana da iri-iri ba.

Na ɗauka an gama da ni, sai wani uba ya tashi daga baya. Ɗiyarsa tana cikin yara huɗun nan. Ya ce wa ya ba mu izinin yawo da fuskarta a tasha da kasuwa da kowane lungu na gari? Ya ce tun da hoton ya sauya launi yaran unguwa suka laƙaba mata suna, har ta daina yarda motar ta tsaya a ƙofar gidansu, sai ta tako zuwa bakin titi. Ita a ajina take. Kullum ina ganinta, ban sani ba. Maganar Hajiya ta kuɗi ce, ana iya mayarwa. Wannan ita ce ta hana ni barci a daren. Washegari da kaina na ɓare hotunan yaran da farce da ruwan zafi, motar ta ƙarasa shekara da tabo.

Da aka yi babban hutu na koma wurin saurayin nan mai rufaffen shago. Na shirya jin baƙar magana, bai yi ba. Ya ce, "Sannu da zuwa, Mushe," ya jawo mini kujera, ya ɗauko ƙyallayen leda biyu ya miƙo mini. Ɗaya tana da kauri da ɗan tauri, ɗaya kuma siririya ce mai laushi. Ya ce in zaɓi mai kyau. Na zaɓi mai kaurin, kamar yadda kowa zai yi. Ya yi dariya, ya kunna na'urar hura zafi, irin mai kama da ta busar da gashi amma ta fi ta zafi nesa ba kusa ba, ya manna kowace a bayan wani kwanon ƙarfe, ya hura musu. Siririyar ta bi siffar kwanon ta kwanta. Mai kaurin, da ta sake jin zafi, sai ta ja baya ta ɗago.

Bayanin da ya yi mini, wanda daga baya na karanta na tarar haka yake, shi ne wannan. Hanya biyu ake yin ledar. Ta farko, ana kwaɓa robar da zafi kamar ƙullun fulawa, a bi da ita tsakanin manyan naɗe-naɗen ƙarfe suna matsa ta suna ja har ta zama faifai. Tunda da ƙarfi aka miƙe ta, duk ranar da ta sha zafi sai ta nemi komawa yadda take, shi ya sa take tsukewa. Kaurinta yakan kai mikron 70 zuwa 100, wato kusan kaurin silin gashi ko fiye kaɗan. Ita ce mai araha, kuma ba ta da laifi a wurinta: allon shago, gilashin ofis, duk abin da yake a shafe. A cikinta ma akwai mai dama-dama, wadda ke iya yin wasu shekaru a gefen mota inda babu lanƙwasa. Ta biyu kuwa a ruwa-ruwa ake zuba ta a kan shimfiɗa, a bi da ita ta cikin tanderu ta bushe. Ba a ja ta ba, don haka ba ta da inda za ta koma. Kaurinta wajen mikron 50 ne, tana bin kwari da tudun jikin mota, kuma ita aka yi domin wannan aikin. Kamfanoni irin su 3M da Avery Dennison na Amurka, da Orafol na Jamus mai yin Oracal, da Hexis na Faransa, duk suna yin iri biyun. Saboda haka jin sunan kamfani kaɗai bai isa ba. Sai ka ce a nuna maka lambar ledar a jikin kwali ko a takardar bayanta, ka rubuta, ka bincika a waya.

Akwai kuma abin da ba a sa mana ba sam a karon farko. Duk ledar da aka buga wa zane tana buƙatar wata leda fara tas, mai kamar gilashi, da ake shimfiɗawa a kanta don ta kare tawadar daga rana da gogayya. Kafin a sa ta kuma sai an bar bugun ya sha iska kwana ɗaya ko biyu, sinadarin tawadar ya fita, in ba haka ba yakan lalata gam ɗin daga ciki. Namu da safe aka buga, da hantsi aka liƙa, tsirara. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa aikin bugu da liƙi ba ya yiwuwa a yini guda.

Ɓare tsohuwar ledar ya ci kwana biyu. Da mai kyau ce, in an ɗumama ta sai ta taso a manyan ƙyallaye. Tamu rana ta riga ta gasa ta, sai ta riƙa karyewa guntu-guntu kamar ɓawon ƙwai, ta bar gam da sai an bi da sinadari. A ƙofar nan mai mastik kuwa, ledar ta taho da fentin gaba ɗaya. A kewayen mariki, inda aka zagaye da reza, ga layin tsatsa siriri ya fito. Kuɗin wannan ɓarewa ni na biya daga albashina, a wata biyu. Ba wanda ya ce in biya, amma ban ga da wane ido zan kai wa Hajiya takardar ba.

A nan ne ya nuna mini haruffan Jamusancin nan, ya ce su ne shaidar leda mai kyau a kan fentin kamfani. Mai motar na farko ya liƙa sunan sana'arsa, ta yi shekaru, da za a sayar aka ɓare ba tare da fentin ya ji ciwo ba. Wurin da ledar ta rufe bai koɗe ba, sauran jikin ya koɗe, shi ne inuwar da muke gani. Fentin da aka gasa a masana'anta yana riƙe da ƙarfe fiye da yadda gam ke riƙe da shi. Wanda aka fesa a garejin unguwa kuwa ba tabbas. To mu a nan motoci nawa ne suka kai hannunmu ba a taɓa yi musu feshi ba? Duk mai niyyar wannan aiki ya san da wannan tun farko, kuma mai aikin kirki zai faɗa maka kafin ya karɓi kuɗinka.

Abin da na fi kuskurewa shi ne zaton leda za ta rufe aibu. Ba ta rufewa. Siririya ce, tana bin duk abin da ta tarar. Lotsawa tana nan, ƙurjewa tana nan, ƙwayar yashi guda in ta shiga ƙarƙashi za ta tsaya kamar ƙurji a goshi, har ma ta fi fitowa saboda ƙyalli. Tsatsa kuma ci gaba take yi da cinta a ɓoye. Don haka motar ta tafi wurin tolye, aka kankare, aka gyara, aka fesa, ta zauna a harabar makaranta duk watan Agusta. Sabon fenti yana fitar da sinadari na makonni, in an rufe shi da wuri sai ledar ta yi ƙuraje. Sa'armu hutu ne, babu yaron da ya rasa mota.

Zaman jiran nan ya ba mu damar gyara zanen, kuma a nan ne kawai ilimin alli ya yi mini rana. Taken makarantarmu yana da kalmar "ƴaƴanku". Da aka nuna mini a kwamfuta, sai na ga akwati fanko guda biyu a cikin kalmar. Yawancin salon haruffan da masu zane ke so ba su da ƙ da ɗ da ɓ da ƴ, sai inji ya sa akwati, ko ya aro harafin daga wani salo ya fito bare a tsakiyar kalma, ko mai zanen ya share ƙugiyar ya yi shiru. Motar makaranta da kuskuren rubutu a jikinta, tana yawo a gari shekara da shekaru, wannan ba ƙaramin abin kunya ba ne ga masu cire wa yara maki a kan wasali. Muka nemi salon da ke da haruffanmu. Na sa aka buga mini gwaji a takarda, malamai uku suka karanta, Hausar da Faransancin, dirakta da Hajiya suka sa hannu kafin a taɓa inji. Tambarin makaranta kuma sai da aka sake zana shi, don wanda muke da shi ya bi ta WhatsApp sau da yawa, kuma WhatsApp yana matse hoto, in an faɗaɗa shi ya kai girman ƙofar mota sai ya dagargaje.

Hoton yaro ko ɗaya ba mu sa ba. Zanen littafi da fensir muka sa. Ra'ayina a yau, ko da uba ya yarda, a bar shi. Yaro yana girma, yana barin makaranta, wani ma Allah Yana karɓar abinsa, motar kuma tana nan tana yawo da fuskarsa a gaban uwarsa.

Gilasai ma mun bar su a buɗe duka. Akwai leda mai ƙananan huji da ake sa wa gilashi, na ciki yana ganin waje, na waje yana ganin zane. Saurayin yana da ita, amma ya ce ƙura tana toshe hujin, ruwan sama ma in ya cika su direba ba ya gani sosai. Ni kuma dalilina daban ne. Motar da ke ɗaukar ƴan shekara biyar da shida, ina son duk wanda ya wuce ya iya leƙawa ya ga ko akwai wanda barci ya kwashe a kujerar baya. Rufaffiyar mota a ranar Afrilu tana iya kashe yaro. Fitilu da lambar mota kuwa ba a ma maganar rufe su.

Shi ne kuma ya ba da shawarar kada a rufe motar duka, ko da yake hakan ya rage masa ciniki. Ya ce a bar rufin da farinsa, don farin fenti ya fi kowace leda jure rana, kuma launi mai duhu zafi yake jawo wa yara. Rabin jiki na ƙasa da rubutu aka yi.

A tsakiyar Satumba aka shigar da ita shagon, na riƙa leƙawa kullum bayan la'asar. Ranar farko ba a taɓa leda ba. An wanke ta tun jiya da sabulu marar mai, ta kwana ta bushe, don ruwan da ke maƙalewa a bakin roba da tsagin ƙofa shi ke fitowa daga baya ya ɗaga gam. Aka kwance marikan ƙofa, da tambari, da fitilun baya. Sannan suka bi ta da alkol da tsumma mai tsabta, taku-taku, har cikin bakin ƙofa inda ido ba ya kaiwa, musamman wurin zuba mai. Da na ba shi labarin tsumman gazuwal, sai ya dafe kai. Ya ce maiƙo ko na tafin hannu ne yana hana gam kamawa.

Masu yin ledar suna son a liƙa ta a wuri mai sanyin digiri 18 zuwa 25 ko kusa da haka. In zafi ya yi yawa ledar tana saki ta miƙe fiye da kima, gam ɗin kuma ya cafke tun kafin a daidaita ta. Shagon ba shi da na'urar sanyaya ɗaki, don haka da asuba suke farawa su tsaya kafin azahar, su yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura ta kwanta, ƙofa a rufe. Mutum biyu ke riƙe faifan ledar, su kafa shi da maganaɗisu su duba ko rubutun ya miƙe, sannan a zare takardar baya a hankali, ana bi da ƴar faranti ta roba mai baki naɗe da ƙyalle, daga tsakiya zuwa gefe. Gam ɗin wannan ledar yana da ƙananan hanyoyi da ido ba ya gani, iska tana bi ta fita, don haka ban ga allura ba. A kwari kuwa ba sa ja. Ɗumamawa suke yi su kwantar da ita a hankali ta shiga da kanta. Wurin yanka, maimakon reza a kan fenti, wani siririn tef suke shimfiɗawa tun farko mai zare a cikinsa, in an liƙa ledar a kai sai a ja zaren ya yanke ta daga ƙasa. Kowane baki sai an lanƙwasa shi ya shiga bayan ƙofa.

Mataki na ƙarshe shi ne wanda mai gaggawa ke tsallakewa, kuma ba za ka gane ba sai bayan wata uku. Duk inda ledar ta miƙe ko ta shiga kwari, sai an sake bin sa da na'urar zafi har ya kai wajen digiri 90 zuwa 100, yana aunawa da wani ɗan ma'auni mai jan haske. Wannan zafin ne ke sa ledar ta zauna a sabuwar siffarta. Rabin yini ya ci. Sau ɗaya aka ɗauke wuta, suka jira, ba su ce ya isa haka ba. Ranar ta biyar aka mayar da marikai da fitilu, motar ta kwana a shagon, da safe muka zagaya ta tare da shi da Hajiya. In ka matso sosai za ka ga inda faifai biyu suka haɗu, da ƙwayar ƙura ɗaya ko biyu. Ya nuna mana su da kansa. Ya ce leda ce, ba fenti ba, daga taku uku ake kallonta. Ya kuma ce a dawo da ita bayan mako biyu ya duba bakuna kyauta, kuma Hajiya ta sa ya rubuta wannan a takardar kuɗi, har da lambar ledar.

Sharuɗɗan kulawa na rubuta su da kyakkyawan rubutun nan nawa na manna a gaban direba. Kada a wanke ta a makon farko. Bayan nan da hannu, da soso mai laushi da ruwa mai yawa, a fara zuba ruwa ƙura ta sauka kafin a goga, don goga busasshiyar ƙurar hunturu daidai yake da bin ta da sandfefa. Famfo mai ƙarfi kada ya matso bakin leda. Man da ya zuba wurin shan mai, da kashin tsuntsu, a goge nan take. Gazuwal kuwa har abada. Muka kafa mata rumfar kwano a harabar makaranta, wadda a ganina ta fi duk sauran sharuɗɗan amfani.

Game da shekarun da za ta yi, kada wanda ya ruɗe ku da abin da ke rubuce a takardar kamfani. Za ku ga shekara bakwai, wani wuri ma fiye. Wannan lissafin na yanayin tsakiyar Turai ne, kuma na gefen da ke tsaye. Kamfanonin da kansu sun raba duniya shiyya-shiyya, suna rage shekarun sosai ga ƙasashe masu rana irin tamu, su ƙara ragewa ga rufi da duk inda ke kallon sama. Saurayin ya ce mana mu sa ran shekara uku zuwa huɗu, kuma mu cire ta da zarar ta fara dusashewa tana tsattsagewa, kada mu jira ta gasu, don kuɗin cirewa ninkuwa yake yi.

Yanzu ta shiga shekara ta huɗu. Shuɗin yana nan, jan ya ɗan yi sanyi, ɓangaren da ke kallon yamma a rumfar ya fi ɗayan koɗewa. A ƙofar baya, daidai tsayin hannun ɗan aji ɗaya, akwai kusurwar da aka gyara sau biyu, kuma na san mai aikin. A taron iyaye na bana Hajiya ta buɗe wani shafi a littafinta ta rubuta "cire leda", ana ajiye jaka biyar duk wata. Yarinyar nan ta gama firamare bara, tana kwaleji. Ƙanenta ne ke shiga motar yanzu, kuma a ƙofar gidansu take tsayawa.

Makon jiya wani abokin karatuna da ke riƙe da makaranta a Tasawa ya kira ni, sun sayi tasu motar, wani ya ce zai yi musu a yini guda kafin a koma hutu. Na ce ya fara zuwa ya ƙwanƙwasa ƙofofin ya ji wacce ke da mastik, ya tambayi lambar ledar, sannan ya sake kirana.